Bikin Autar Hedimasta

Ranar da Auta ta durƙusa gefen kujerarsa ta gaya masa cewa a ƙasar waje za a yi bikinta, a wani gari na bakin teku, Hedimasta ya yi dariya har yawu ya zubo masa a gaban riga. Ta sa hankici ta goge masa, tana tsokanarsa wai ya fara shirin shiga ruwa, don ba za ta yarda ya tsaya a gefe yana kallo ba.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a wannan kujera yake wuni, a kusurwar falo kusa da taga. Bakinsa ya karkace, magana tana fitowa da nauyi kamar ana jan ta daga rijiya. Mutumin da a da ba a biki a unguwa sai an miƙa masa lasifika, wanda yara ke jin muryarsa daga ƙofar makaranta su gyara zama, yanzu in ya nemi ruwa sai ya maimaita. Amma daga wannan rana ya canza. Da can sai matarsa ta yi ta faɗa kafin ya yarda ya miƙe. Yanzu da kansa yake jawo sandarsa, ya dafa bango, ya ja ƙafar daga ɗakinsa zuwa falo, ya huta, ya sake komawa. A asibitin da ake kai shi gashi, inda ake miƙe masa hannu da ƙafa, har ma'aikaciyar ta tambaye shi ko sabon magani ya samu. Ya ce mata 'yarsa zai aurar.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya ce bikin ƙasar waje ba a yin sa da ka. Dole a ɗauki mai shirya biki, wanda ya san otal, ya san jirgi, ya san masu hoto da masu abinci na can. Sai aka fara nema. An yi magana da wasu ta waya, an kalli hotunan ayyukan wasu, a ƙarshe aka tsayar da biyu da za su zo gida a gan su.

Ta farko mace ce mai ɗan shekaru, da gilashi da jaka baƙa wadda ta ji jiki. Da ta shigo, kafin ta zauna, ta nufi kusurwar taga ta gaida Hedimasta, ta jira har ya gama amsawa. Bayan ta ji abin da amarya ke so, sai ta juya kujerarta ta fuskance shi. Ta tambayi wane ɓari ne ya taɓu, ko yana iya hawa matakala, ko zama mai tsawo yana sa ƙafar ta kumbura. Ta ce akwai wani otal da ta sani, lambunsa a shimfiɗe yake har bakin ruwa, ba hawa ba sauka, kuma za ta kama masa ɗaki a ƙasa. Ta ce a filin jirgi ana ba da keken marasa lafiya, ita za ta nema tun da wuri.

"Baba, za ka yi jawabi?" in ji ta. "In za ka yi, sai mu sa shi da farko, kafin ka gaji."

Hedimasta ya ɗaga kai da ƙarfi alamar eh. Matarsa ta shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi, Injiniya ya duba wayarsa.

Bayan ta tafi kowa ya sami abin cewa. Injiniya ya ce tambayoyinta sun yi yawa, biki aka kira ta ko jinya. Matar Hedimasta ta ce ku dubi takalminta, wadda ba ta iya shirya kanta ba ina za ta iya shirya wuri. Auta ta ce hotunan aikin matar ba su da haske, kamar na bikin iyayen wasu. Hedimasta ya buga sandarsa a ƙasa har suka waiwayo, ya nuna ƙofar da matar ta fita, ya ce ita yake so.

"To Baba, za mu duba," in ji Injiniya.

Na biyu saurayi ne wanda ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Da kwamfuta ya zo, da wata 'yar na'ura mai haska hoto a bango. Ya ce wa Hedimasta sannu da jiki daga inda yake tsaye, sannan ya dubi falon ya ce bangon kusa da taga ne ya fi dacewa, ko za a ɗan matsar da kujerar Baba. Injiniya da direban gidan suka kama Hedimasta, aka kai shi ɗakinsa, aka biyo shi da kujerar. Matarsa ta ce na ɗan lokaci ne, su gama kallo.

Daga ɗakin yana jin komai, don ba a rufe ƙofa ba a ranar. Saurayin yana bayanin wani farin gida a kan dutse, da matakala mai tsawo da ke gangarawa har cikin yashi, inda amarya za ta sauko rana tana faɗuwa a bayanta. Ya ce biki wuni ɗaya ne, amma hoto har jikoki. Ya ce shi a aikinsa duk abin da zai shiga hoto sai ya tantance shi, daga launin furanni har tsayuwar mutane. Auta ta saki ƙara don murna. Ba wanda ya tambayi yadda mai sanda zai sauka wannan matakala, shi ma saurayin bai tambayi ko akwai mai sanda ba. Kafin ya sha lemon da aka kawo masa an riga an ba shi aikin.

Kujerar ba ta koma falo ba. Da farko an ce mai shirya bikin zai dawo gobe da sababbin hotuna. Daga baya falon ya cika da akwatuna da yadudduka da ƙawayen amarya, aka ce iska ta fi kyau a ɗakinsa. Tagar ɗakin kuwa katangar maƙwabta take kallo, da bututun ruwa mai ɗiga. Ranar gashi ta zo, aka ce mota ta tafi karɓo takardun tafiya. Mako na gaba aka ce ta kai Auta gwajin riga. Da ya yi magana, matarsa ta ce ya yi haƙuri, kanta ya ɗau zafi, ai motsa jikin da yake yi a gida ma ya isa. Abincinsa ya fara zuwa a makare, wani lokaci ya huce, wani lokaci an manta da cokalin da yake iya riƙewa da hagu. In baƙi suka zo, sai a jawo masa ƙofa a hankali, wai kada hayaniya ta dame shi.

Duk da haka bai daina shiri ba. In gidan ya yi shiru da hantsi, sai ya fita ya ja ƙafarsa a korido. Har bakin matakalar bayan gida ya je, 'yar gajeriya da ke sauka zuwa wurin shanya, ya tsaya yana auna ta da ido, ya gwada taka ta farko, gumi ya jiƙa shi. A ɗaki kuma yana zama gaban madubin kabad yana koyon jawabinsa. Ya san ba zai iya dogo ba, sai ya rage shi, ya sake ragewa, ya cire duk kalmar da harshensa ke tuntuɓe a kanta, har ya rage 'yan jimloli da yake iya fitarwa sarai in ya bi a hankali. Yana so ya gaya wa angon cewa yarinyar nan ba ta cin abinci in ranta ya ɓaci, kada ya ɗauka ƙoshi ne. Yana so ya sa musu albarka da bakinsa.

Sai ga tela ya zo. Mai shirya bikin ya zaɓi launi guda da duk dangin amarya za su sa, ruwan ƙasa mai haske, don ya dace da yashi. Hedimasta ya ji ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ana dariyar tumbin ƙaninsa, wanda yaran ke kira Baba Ƙarami. Ya canza riga, ya taje gemunsa da hagu, ya zauna bakin gado ya miƙe kafaɗa gwargwadon iko, don kada a auna shi a karkace. Ya ji telan yana tambaya ko saura wani. Ya ji muryar matarsa ta ce shi ke nan, an gama. Ya ji ƙarar babur ɗin telan har ta ɓace a kan titi.

Ba su zo masa tare ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa, kowa da nasa bayanin.

Matarsa ce ta fara, tana ninke masa kayan wanki, ba ta dube shi ba. Ta ce likita ya ce doguwar tafiya a jirgi haɗari ce gare shi. Hedimasta ya tambaye ta wane likita, tunda rabonsa da asibiti an daɗe. Ta ce ta waya suka yi magana. Ta ce shi bai san irin wahalar da take sha ba, in aka tafi da shi, ita bikin 'yarta za ta gani ko shi za ta yi ta kallo. Ta ce ita ma mutum ce, tun da ya kwanta ba ta huta ba. Wannan gaskiya ce, ya sani.

Injiniya ya shigo da yamma, ya zauna a hannun kujera yana kaɗa makullin mota. Ya ce ba laifin kowa ba ne, wurin ne haka, mai shirya bikin ya ce ba yadda za a yi da matakalar, kuma an riga an kama gidan. Da Hedimasta ya ce akwai wancan otal mai lambu, sai ɗan ya yi kamar bai gane ba. Da uban ya maimaita, sai Injiniya ya sauke murya.

"Baba, don mutuncinka muke yi. Dangin mijin nan manyan mutane ne. Ba na so a riƙa kallonka ana sannu sannu, ana goge maka baki a gaban jama'a. Gara su riƙe ka a rai yadda suke jin labarinka."

Baba Ƙarami kuwa da fara'a ya shigo, yana cewa Yaya kada ka damu, ai ni da kai ɗaya ne, ni zan tsaya maka. Ya ce shi dai a yi masa addu'a kada jirgi ya juya masa ciki, don ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya cinye ayabar da aka ajiye wa mara lafiya, ya fita.

Auta ce ba ta zo ba. Yana jin takunta a korido, ta rage sauri a ƙofarsa, ta wuce. Sai ranar tafiya, mota tana jira a waje, ta shigo da sauri da jakarta a kafaɗa. Ta rungume shi ta gefen da ba ya ji, ta ce ba ita ta so haka ba, abubuwa ne suka fi ƙarfinta. Ta saita masa waya, ta nuna masa inda zai taɓa, ta ce za a kira shi kai tsaye ya ga komai, har jawabinsa zai yi kowa ya ji. Ya buɗe baki zai fara gaya mata tun yanzu, aka danna hon a waje, ta ce sai sun dawo.

Aka bar shi da wata mai jinya da aka ɗauka, tana zuwa da safe ta yi masa wanka ta ba shi magani, ta dawo da yamma ta ɗumama abinci. Ba muguwa ba ce, amma tana da wasu gidajen da take zuwa, kuma ba ta gane maganarsa, duk abin da ya ce sai ta ce to Baba. Tsakanin zuwanta da dawowarta gidan nasa ne shi kaɗai. Firji yana gurnani a kicin. Bututun maƙwabta yana ɗiga. Ya fita falo, ya tarar a gurbin kujerarsa ba komai sai igiyoyin da aka ɗaure akwatuna da guntayen yadi ruwan ƙasa a kan kafet. Wata rana yana komowa sandar ta zame a kan leda, ya faɗi a korido. Bai ji ciwo sosai ba, tashi ne ya gagara. Nan ya kwanta, kuncinsa a kan siminti mai sanyi, yana kallon hasken rana yana matsawa a ƙarƙashin ƙofa, har mai jinyar ta dawo. Ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don kada a ce ta yi sakaci. Ya ce to. Ba ma wanda ya tambaya.

Ranar bikin ya sa mai jinyar ta fito masa da farar rigarsa ta fita kunya, ta sa masa hula, ta fesa masa turare. Ta jingina wayar a jikin filas ɗin shayi a kan tebur, ta tafi. Ya zauna a miƙe, hankici a hannun hagu, yana goge baki akai-akai don kada kiran ya same shi a jiƙe. Yana bitar jimlolinsa a hankali. In fuskar wayar ta yi duhu sai ya taɓa ta ta farka. Sau ɗaya ta yi ƙara, ya kai hannu da sauri, ashe saƙon kamfanin waya ne. Rana ta bar katangar maƙwabta. Da mai jinyar ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, sai dai hular ta karkace. Washegari saƙon Injiniya ya shigo, ta karanta masa. Wai mai shirya bikin ya hana kowa riƙe waya a wurin, an karɓe su tun daga ƙofa, don hannuwa a sama suna ɓata hoto. Wai komai ya tafi lafiya, kowa yana gaishe shi.

Daga ranar bai ƙara taɓa sandar ba. Ƙafar ta ƙara nauyi, yatsun hannun dama suka dunƙule. Da mutanen gidan suka dawo, da tsarabar dabino da wata hula mai faɗi ta masu yawon bakin teku, matarsa ta dube shi ta ce kun gani ko, da an tafi da shi a haka ai da mun shiga uku.

Da faifan bikin ya iso, aka gayyaci maƙwabta da 'yan uwan da ba su je ba. Auta ta zo daga gidan mijinta. A ranar an fito da Hedimasta falo, an sa masa riga mai kyau, an ajiye shi a tsakiya. Ya ga farin gidan, ya ga tekun. Ya ga 'yarsa tana saukowa daga matakala, hannunta cikin na Baba Ƙarami, ta yi kyau har ƙirjinsa ya yi zafi. Sai Injiniya ya bayyana da lasifika a hannu, muryarsa tana rawa. Yana gaya wa jama'a cewa mahaifinsu yana kwance ba lafiya, sun so su ɗaga bikin ko su yi shi a gida, amma ya ƙi. Wai ya kira su ya ce ku tafi, kada ciwona ya hana 'yata farin cikinta. A cikin faifan mata suna share hawaye, maza suna tafi. A falon ma aka ɗauka, ana Allah sarki, ana cewa uba ke nan, irinsu sun yi ƙaranci.

Hedimasta ya daki hannun kujera da hagunsa. Aka rage sauti, aka juyo. Ya tattara duk abin da ya rage masa, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda ya tambaye ni."

Maganar ta fito a murɗe, amma ba ta kai murɗewar da za ta ɓace wa wanda ya saba da shi ba. Auta ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Injiniya ya kafa wa talabijin ido. Wata tsohuwa daga cikin baƙi ta kara hannu a kunne ta ce me ya ce.

"Albarka yake sa musu," in ji matarsa.

Falon ya amsa da amin. Aka ƙara sauti.

Ba wanda ya zage shi a gidan nan, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Maganinsa bai taɓa yankewa ba, kuma duk wanda ya shiga ɗakinsa da sannu yake shiga. In ka tambayi unguwa za a ce maka iyalin Hedimasta suna riƙe da shi da kyau, su ma haka suke gaya wa kansu. Sun dai zauna, yana ji, sun zaɓi mai shirya bikin da ba zai tuna musu da shi ba, sannan suka ce shi da kansa ya ba da kyautar abin da suka ƙwace masa.

Da aka gama kallo, aka kama shi za a mayar da shi ɗaki. A bakin korido wata maƙwabciya, wadda ɗanta zai yi aure baɗi, ta riƙo hannun matarsa tana roƙon lambar saurayin nan mai shirya biki. Ta ce ita ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba, tun daga farko har ƙarshe ba abin da ido zai faɗa a kai ya ƙi. Ta ce su ma suna da surukarta a gida, tsufa ya fara taɓa mata kai, ba su san yadda za su yi da ita ba.

Matar Hedimasta ta ce kada ta damu, yaron ya san aikinsa. Ta ce a ɗan tsaya da Baba tukuna, ta saki hannunsa, ta shiga neman lambar a wayarta.